Sirrin Lambar (1) a Sunan Fayil: Yadda Manhajoji Ke Kauce wa Danne Bayananka

Buɗe foldar Download ta wayarka ka duba. Da wuya ka rasa fayil mai suna irin "takarda (1).pdf" ko "jadawali (2).jpg". Yawancinmu kallon tarkace muke yi musu, mu ce waya ta cika mana memori da abu ɗaya sau biyu. Alhali wannan 'yar lambar shaida ce ta wata shawara da manhajar ta yanke a madadinka. Ta zo ajiye sabon fayil, ta tarar da wani mai irin sunansa a wurin, sai ta bar na farkon yadda yake, ta raɗa wa sabon wani suna.

Ba kowace manhaja ce ke da wannan ladabi ba, domin kwamfuta da waya ba su zo da shi daga masana'anta ba. A mafi yawan yarukan gina manhaja, umarnin da ke ƙirƙirar sabon fayil shi ne dai umarnin da ke share abin da ke cikin tsoho idan sunansu ya zo ɗaya. Sai wanda ya rubuta manhajar ya yi tanadi na musamman kafin a samu kariya. Idan ya yi sakaci, hoton biki ko aikin makaranta na iya salwanta. Idan kuma ɗan kutse ya gano sakacin, yana iya bi ta nan ya karɓe ragamar manhajar baki ɗaya.

Gogewa daban, dannewa daban

Idan ka goge hoto, sau da yawa akwai sauran dama. A iPhone hoton yakan zauna a kwandon shara na kwana 30, haka ma fayil ɗin da ka goge a Google Drive. Manhajojin hotuna na wayoyin Android na zamani su ma suna da irin wannan kwando.

Dannewa kuwa, wato rubuta sabon abu a kan tsohon fayil, ba ta bi ta kwandon shara. Sunan yana nan, wurin yana nan, abin da ke ciki ne kawai ya sauya. Shi ya sa mutum kan daɗe bai lura ba. Sai ranar da ya buɗe "CV.pdf" zai tura neman aiki, ya ga na abokinsa ne da aka turo masa watanni uku da suka wuce.

Dawo da abin da aka danne a wayar zamani abu ne mai matuƙar wuya. Ma'adanar waya tana tattara wuraren da aka daina amfani da su ta share su da kanta don ta ci gaba da sauri. Sannan tun daga Android 10, Google ya wajabta wa sababbin wayoyi kulle fayiloli da makullin sirri. Ko ka kai wa ƙwararren mai gyara a Farm Centre ta Kano, abin da ya rage a cikin guntun ma'adanar ba zai karantu ba. A nan rigakafi ne kaɗai magani.

Ta yaya sunaye ke cin karo?

Za ka ce ai da wuya fayiloli biyu su ci suna ɗaya. A gaskiya abin yana faruwa kullum, domin na'urori ne ke raɗa yawancin sunayen, kuma duk tsari ɗaya suke bi.

Foldar DCIM da kake gani a wayarka ta samo asali ne daga wata ƙa'ida da kamfanonin lantarki na Japan suka fitar a 1998 don kyamarori. Ƙa'idar ta ce sunan hoto ya ƙunshi haruffa huɗu da lamba daga 0001 zuwa 9999. Daga nan aka samu IMG_0001 da DSC_0001. iPhone tana bin wannan lissafi har yau, kuma idan ta kai 9999 sai ta koma farko. Wanda ya sauya waya, ko ya daɗe yana ɗaukar hoto, zai iya mallakar hotuna daban-daban masu suna IMG_0450.

WhatsApp kuma yana sa wa hoto suna da kwanan wata da lambar jeri, kamar IMG-20240315-WA0001.jpg, kuma kowace waya nata lissafin take yi. Idan 'yan'uwa uku suka halarci biki ɗaya, kowa ya karɓi hotuna a ranar, za a samu sunaye iri ɗaya a wayoyin uku, hotunan kuwa daban. Ranar da aka zo tara su a filash ɗaya, aka latsa "Replace" ba tare da karantawa ba, an yi asarar wasu ke nan.

Akwai kuma batun manya da ƙananan haruffa. A Linux, "Lissafi.xlsx" da "lissafi.xlsx" fayiloli biyu ne. A Windows da katin memori mai tsarin FAT32 ko exFAT, fayil ɗaya ne. Idan aka kwafo su daga can zuwa nan, ɗaya na iya hawa kan ɗaya. Wannan bambanci ya taɓa zama matsalar tsaro ta gaske: a Disambar 2014 an gyara wata ɓaraka a Git, manhajar da masu rubuta manhaja ke adana aikinsu da ita, inda folda mai suna ".Git" ke iya danne ".git" ta asali a kwamfutocin Windows da Mac.

Harafi ɗaya mai wanke allo

Bari mu leƙa yadda abin yake a wajen mai rubuta manhaja. A yaren Python, wanda matasa da yawa ke koyo a wayoyinsu ta Pydroid ko Termux, layin da ake fara koya wa ɗalibi don ajiye bayani shi ne:

`f = open("sakamako.txt", "w")`

Harafin "w" yana nufin a buɗe don rubutu. Idan babu fayil mai wannan suna, sai a ƙirƙira shi. Idan akwai, sai a mayar da girmansa sifili nan take, kamar an wanke allo. Ba a jira sai ka rubuta wani abu ba. Buɗewar kaɗai ta isa. Ko manhajar ta tsaya a layi na gaba saboda wani kuskure, tsohon bayanin ya riga ya tafi.

Python ya gaji wannan hali ne daga yaren C, inda fopen mai "w" ke yin haka tun shekarun 1970. FileOutputStream na Java, wanda manhajojin Android da yawa ke amfani da shi, shi ma haka yake yi idan ba a ce masa ya ɗora a ƙarshe ba. A Termux, alamar > tana yin wannan aiki, kuma umarnin cp da mv suna danne abin da suka tarar ba tare da tambaya ba. Ga wani tarko da ke kama sababbin shiga:

`sort jeri.txt > jeri.txt`

Niyyar mai shi ita ce ya jera sunayen da ke cikin fayil ɗin bisa haruffa ya mayar da su wurinsu. Abin da ke faruwa shi ne, alamar > tana wanke jeri.txt tun kafin sort ya fara karantawa. Sakamakon shi ne fayil fanko.

"Bari in duba tukuna" ba ta wadatar ba

Dabarar da ke fara zuwa zuciyar kowa ita ce a duba ko akwai fayil ɗin, idan babu sai a ƙirƙira:

`if not os.path.exists("sakamako.txt"):`
`    f = open("sakamako.txt", "w")`

A ido wannan daidai yake. Matsalar ita ce matakai biyu ne, kuma akwai tazara a tsakaninsu. Ka ɗauka kana tashar mota, ka hango benci babu kowa, ka juya baya kana amsa waya, ka zauna ba ka sake waiwayawa ba. A cikin wannan ɗan lokaci wata ta ajiye kiret ɗin ƙwai a wurin. Abin da idonka ya gani gaskiya ne a lokacin da ya gani, amma lokacin da ka zauna labari ya sauya.

Waya tana gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda, tana ba wannan dama, ta karɓe ta ba wancan, sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa. Tsakanin layin dubawa da layin buɗewa, wata manhajar, ko wani sashe na manhajar kanta, na iya ƙirƙirar fayil mai wannan suna. Masana tsaro suna kiran wannan aibi TOCTOU, wato giɓin da ke tsakanin lokacin dubawa da lokacin amfani, kuma yana da lamba CWE-367 a kundin aibobin manhaja na cibiyar MITRE ta Amurka. Tun 1996 Matt Bishop da Michael Dilger suka wallafa bincike a kan yadda ake cin gajiyar irin wannan tsere wajen buɗe fayiloli a Unix.

Ɗan kutse ba ya jiran sa'a. Yakan rubuta 'yar manhaja mai maimaita yunƙuri sau dubbai har ta dace da giɓin. Abin da yake ajiyewa a wurin kuma sau da yawa fayil ne mai nuni, wanda babu komai a cikinsa sai kwatancen wani fayil ɗin daban. Idan manhaja mai babban iko ta buɗe sunan da "w", sai babbar manhajar na'urar ta bi kwatancen ta kai ta inda aka nuna, ta wanke wancan. Ɗan kutsen ba shi da izinin taɓa fayil ɗin da kansa, sai ya ari hannun mai izini. An yi shekaru ana fama da wannan a foldar /tmp ta Unix da Linux, wadda kowa ke iya rubutu a ciki, har Linux 3.6 ya zo a 2012 da wani takunkumi kan bin irin waɗannan nune-nune a foldoji na kowa da kowa.

Mafita: a haɗa matakan su zama ɗaya

Maganin shi ne manhaja ta daina dubawa da kanta, ta miƙa wa babbar manhajar na'urar buƙata guda: "ƙirƙira mini wannan fayil, amma idan akwai mai wannan suna, kada ka taɓa shi, ka dawo ka faɗa mini." Babbar manhajar tana yin dubawar da ƙirƙirar a dunƙule, ba wanda zai iya shiga tsakani.

A Linux, wanda Android ke zaune a kansa, ana yin haka ne da haɗa alamomi biyu, O_CREAT da O_EXCL. Idan sunan yana nan, buɗewar ta ci tura, a dawo da saƙon EEXIST. Ƙa'idar POSIX ta ƙara da cewa idan abin da ke wurin fayil mai nuni ne, to ba za a bi shi ba, ko ina yake nunawa. Da jifa ɗaya an kashe tseren da kuma tarkon nuni.

Sauran yarukan sun samar da hanyarsu ta kai wa ga wannan. Ƙa'idar C ta 2011 ta ƙara harafin "x", sai a rubuta "wx". Python 3.3 na 2012 ya kawo nasa:

`f = open("sakamako.txt", "x")`

Idan akwai fayil ɗin, Python zai tayar da FileExistsError, sai manhajar ta zaɓi wani suna ko ta tambayi mai waya. Java 7 ya zo da CREATE_NEW da Files.createFile a 2011. Node.js yana da "wx", PHP yana da "x", Windows ma yana da CREATE_NEW a cikin CreateFile. Kundin ƙa'idojin rubuta manhaja cikin tsaro na CERT, da ke Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka, ya ware dokoki kan wannan batu, ciki har da FIO45-C da ke gargaɗi kan tseren buɗe fayil.

Hanya mai kyau ta samar da lambar (1) ke nan. Manhaja ta gwada "takarda.pdf" da wannan buƙata. Idan aka ce akwai, ta gwada "takarda (1).pdf", idan shi ma akwai ta wuce (2), har ta samu gurbi. Ga fayil na wucin gadi kuwa, akwai mkstemp, wanda ke zaɓar suna mai wuyar hasashe, ya ƙirƙira shi da O_EXCL, ya kuma taƙaita izinin karantawa da rubutu ga mai shi kaɗai.

Lokacin da abin ya shafi wayoyinmu

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsalar manyan kwamfutoci ce kawai. A Android kowace manhaja tana da ɗakinta na sirri da ba mai shiga sai ita, sannan akwai tsakar gida, wato ma'adanar da DCIM da Download suke. A da, duk manhajar da ka ba izinin ma'adana tana iya karantawa da sauya kowane fayil da ke tsakar gidan nan.

A Agustan 2018, kamfanin tsaro na Check Point ya bayyana yadda ake cin gajiyar haka, ya kira harin Man-in-the-Disk. A cikin watan ne kuma injiniyoyin Google suka gano irinsa a wasan Fortnite. Kamfanin Epic Games bai sa wasan a Play Store ba a lokacin, sai ya ba da 'yar manhajar da ke sauko da shi. Ita kuma tana ajiye fayil ɗin APK a tsakar gida kafin a girka. Muguwar manhaja da ke laɓe a wayar tana iya jira a gama saukewa da tantancewa, ta sauya fayil ɗin da nata mai suna iri ɗaya, mai waya ya girka ta yana zaton wasa ne. Wannan shi ne benci da kiret ɗin ƙwai sak. Epic ya gyara cikin 'yan kwanaki ta hanyar mayar da ajiyar zuwa ɗakin sirri.

A Yulin 2019, Symantec ya nuna cewa hotuna da takardu da sautin da ke shigowa WhatsApp, da Telegram idan an kunna ajiyewa a Gallery, ana iya sauya su a tsakanin saukarsu da buɗe su. Saƙon ya taho a kulle tun daga wayar mai turowa, amma da ya sauka tsakar gida kariyar ta ƙare. Ɗaya daga cikin misalan da masu binciken suka nuna shi ne sauya lambar asusun banki a takardar neman biyan kuɗi.

A Fabrairun 2021, Trend Micro ya wallafa rahoto kan SHAREit, wadda a lokacin an sauke ta fiye da sau biliyan 1, yana nuna yadda wata manhajar za ta iya danne fayilolin da ke ɗakin SHAREit har ta gudanar da nata umarni. Daga baya kamfanin ya sanar da fitar da gyara.

Sai kuma Mayun 2024, lokacin da Microsoft ya bayyana wani salon hari da ya kira Dirty Stream. Idan ka latsa "Share" ka tura fayil daga wata manhaja zuwa wata, mai turawar ce ke faɗin sunan fayil ɗin. Wasu manhajoji sukan karɓi sunan yadda ya zo su ajiye da shi. A tsarin fayiloli kuwa, alamar ../ tana nufin a koma folda ɗaya baya. Idan muguwar manhaja ta cusa wannan alama a cikin suna, sai mai karɓar ta fita daga foldar da ta yi niyya, ta je ta danne fayil ɗin saitinta ko wani sashe na jikinta da hannunta. Microsoft ya ambaci File Manager na Xiaomi, mai saukewa fiye da biliyan 1, da WPS Office, mai fiye da miliyan 500. Dukkansu sun gyara kafin a fitar da rahoton. Irin wannan dabara ce kamfanin Snyk ya bankaɗo a Yunin 2018 da sunan Zip Slip, inda sunayen da ke cikin fayil ɗin ZIP ke ɗauke da ../ don su faɗa wajen foldar da ake warware su.

Darasin waɗannan biyun na ƙarshe shi ne O_EXCL kaɗai bai isa ba. Sunan da ya zo daga waje ba abin yarda ba ne. Shawarar da Microsoft da Google suka ba masu gina manhaja ita ce su yi watsi da sunan da aka turo su raɗa nasu, idan kuma dole ne a yi amfani da shi, a tace shi, a tabbatar cikakken adireshin yana cikin foldar da aka nufa.

Idan dole sai an sauya tsohon fa?

Akwai lokutan da dannewar ake so. Ka gyara takarda ka latsa "Save", ka san sabon rubutu zai maye gurbin tsoho. A nan haɗarin wani ne daban: me zai faru idan batir ya mutu, ko aka ɗauke wuta ga mai kwamfutar tebur, bayan an wanke tsohon amma ba a gama rubuta sabon ba? Sai ka tashi babu tsuntsu babu tarko.

Manhaja mai kyau ba ta taɓa tsohon fayil sai sabon ya kammala. Takan rubuta sabon a fayil na wucin gadi cikin folda ɗaya, ta umarci na'ura da fsync ta tabbatar ya sauka a ma'adana, sannan ta sauya masa suna zuwa na asali da rename, ko os.replace a Python. Sauya sunan aiki ne na bugu ɗaya, don haka duk lokacin da wuta ta ɗauke, ko dai a samu tsohon cikakke ko sabon cikakke. Android yana da wani kayan aiki mai suna AtomicFile da aka tanada don wannan. Matakin fsync ma ba ado ba ne. A 2009, masu gwada tsarin ext4 a Linux sun riƙa tarar da fayilolin saitinsu sun koma fanko bayan kwamfuta ta mutu ba zato, saboda manhajoji da yawa suna sauya suna ba tare da sun tabbatar bayanin ya sauka ba.

Jami'ar Kyoto ta Japan ta ga illar danne fayil kai tsaye. Tsakanin 14 da 16 ga Disambar 2021, babbar kwamfutar bincikenta ta yi asarar kimanin terabayit 77, fayiloli kusan miliyan 34 na ƙungiyoyin bincike 14. Akwai wani jerin umarni da ke yin kwafin ajiya, yana kuma share tsofaffin fayilolin rahoto da suka wuce kwana 10. Kamfanin Hewlett Packard Enterprise, mai kula da na'urar, ya sabunta jerin ta hanyar rubuta sabon a kan tsohon alhali yana cikin aiki. Bash, manhajar da ke gudanar da shi, tana karanta umarni ne kaɗan-kaɗan tana tafiya. Sai ta ci gaba daga tsakiyar sabon rubutun, inda sunayen da ke nuna foldar da za a share ba su da ƙima, umarnin sharewar ya faɗa kan ainihin ayyukan masu bincike. Kamfanin ya ɗauki alhakin abin gaba ɗaya, kuma wani kaso na bayanan bai dawo ba. Da an ajiye sabon a gefe an sauya masa suna, aikin da ke gudana zai ci gaba da riƙe tsohon har ya gama.

Abin da Android ya sauya

Google ya fara killace tsakar gida a Android 10 na 2019, ya tsaurara a Android 11 na 2020. Yanzu manhaja tana da iko kai tsaye ne kan fayilolin da ita ta ƙirƙira. Idan tana son sauya ko goge hoton da wata ta ajiye, sai wayar ta tambaye ka. Idan kuma ta ajiye sabon fayil ta hanyar MediaStore aka samu karon suna, Android da kansa ke ƙara lambar. Wannan sauyi ne ya sa foldar WhatsApp ta ƙaura zuwa Android/media/com.whatsapp a sababbin wayoyi.

Ƙofa ɗaya ta rage a buɗe, wato izinin "All files access". Manhajar da ta samu wannan ta koma kamar zamanin da. Masu sarrafa fayiloli da masu yin kwafin ajiya suna buƙatarsa, amma tocila ko wasa ba su da hujjar nemansa. Wayoyin da suka tsaya a Android 9 ko ƙasa, waɗanda har yanzu suke yawo a hannun jama'a, ba su da killacewar sam.

Abin da mai waya zai yi

Idan ana kwafar fayiloli aka tambaye ka, ka tsaya ka karanta. "Replace" ko "Overwrite" dannewa ce, "Skip" tsallakewa, "Keep both" ko "Rename" ajiye duka biyun. Idan kana shakka ka ajiye biyun, ka tantance daga baya. Ka yi hattara da akwatin "Apply to all", domin latsawa ɗaya na iya shafar ɗaruruwan hotuna.

Idan za ka tara hotuna daga wayoyi daban-daban, ka buɗe wa kowace waya foldarta. Takardu masu muhimmanci kuma ka sa musu suna mai kwanan wata, kamar "CV-2025-03-10.pdf", maimakon "CV.pdf" ko "sabo.docx".

Ka shiga saitin wayarka, ɓangaren izini na musamman, ka duba manhajojin da ke da "All files access", ka janye daga duk wadda ba ka ga dalilinta ba. Ka riƙa sabunta manhajojinka, musamman na tura fayil da na buɗe takardu da na warware ZIP, domin gyaran irin ɓarakar da muka ambata ta sabuntawa yake zuwa. APK da aka turo ta WhatsApp ko Xender, wanda ba ka san asalinsa ba, shi ne hanya mafi sauƙi da muguwar manhaja ke shiga waya.

Ka ajiye kwafi a wurin da ke tuna tsofaffin sigogi. Google Drive yana riƙe tsohuwar sigar fayil har kwana 30 ko sigogi 100, duk wanda ya riga cika. Kwafin da ke bin wayarka sau da ƙafa ba tare da tarihi ba zai kwafi ɓarnar ma.

Ga masu koyon rubuta manhaja

Duk lokacin da za ka rubuta "w", ka tambayi kanka: sabon fayil nake so, ko sauya tsoho? Idan sabo ne, yi amfani da "x" ka tanadi abin da za a yi idan aka ce akwai. Idan sauyi ne, rubuta a gefe, tabbatar ya sauka, sannan ka sauya suna. Ka tuna rename shi ma yana danne abin da ya tarar ba tare da sallama ba, shi ya sa Linux 3.15 ya ƙara RENAME_NOREPLACE a 2014 ga mai son sauya suna ba dannewa. Fayilolin da manhajarka kaɗai ke buƙata su zauna a ɗakinta na sirri. Sunan da ya zo daga wata manhaja, ko daga intanet, ko daga cikin ZIP, kada ka ajiye da shi kai tsaye.

A Termux kuma, ka sa `set -o noclobber` a cikin .bashrc ɗinka. Daga nan alamar > za ta ƙi danne fayil ɗin da ke nan, sai ka rubuta >| idan da gangan kake so. Ka saba da `cp -i` da `mv -i`, masu tambaya kafin su danne. Za ka iya gwadawa yanzu: ƙirƙiri gwaji.txt, rubuta wani abu a ciki, buɗe shi da "x" ka ga saƙon da Python zai ba ka, sannan ka buɗe shi da "w" ka duba girmansa.